Zaki na ta barci, kura na ta safa da marwa: wanne ne ba shi da lafiya?

Maman_Walid:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, da ɗan ƙorafi a ciki. Jiya na kai yara gidan zu. Mako biyu ke nan Walid ya hana ni sakat, shi zaki zai gani, zaki, zaki. Muka je muka tarar da gogan a kwance ya juya mana ƙeya, ƙudaje na bin kunnensa. In ba don jelar da yake ɗan kaɗawa ba, sai ka rantse mushe ne. Mun fi minti 20 a tsaye ko kai bai ɗaga ba, yaron har da ƙwalla. Da muka matsa wajen kura kuwa, ita ko zama ba ta yi: ta je ƙarshen waya ta juyo, ta dawo ta sake juyawa, har ta fitar da 'yar siririyar hanya a ƙasa inda ciyawa ta mutu. Yara suka ce ai ita ce jaruma. To don Allah zakin nan ciwo ne ya kwantar da shi ko yunwa? Don in haka ake barin bayin Allah, gara a rufe wuraren nan kowa ya huta.

Gardi_Ba_Kura:
Wa alaikumus salam. Yunwa ce Hajiya, ba sai an yi dogon bincike ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ku kun biya kuɗin shiga, shi ko ƙashi bai gani ba.

Dakta_Dabbobi:
Malam Gardi, a yi dai a hankali. Hajiya, ban ga zakin da idona ba, amma bisa abin da kika faɗa, ni kurar ce ta fi ba ni tausayi. Zaki ko a daji yakan shafe awa 16 zuwa 20 a yini yana hutawa. Farautarsa galibi da dare ce ko da sanyin asuba, tsakar rana kuwa inuwa yake nema. Wanda kika gani yana yin abin da 'yan'uwansa ke yi ne a dawa. Zakin da yunwa ta ci ba ya ɓoyuwa: za ki ga haƙarƙari a waje, ƙashin ƙugu ya tsaya, gashi ya yi buzu-buzu ba sheƙi. Kin ga haka?

Ita kuwa kai-kawon kura a kan layi ɗaya, juyi a wuri ɗaya, sawu a kan sawu har ƙasa ta yi hanya, wannan ba jarumta ba ce. Alama ce ta dabbar da aka halitta don yawo aka tsare ta a inda ba abin yi. Sai dai a bambance: in lokacin abinci ya matso, kusan duk masu cin nama sukan yi ta zarya a bakin ƙofa. Wannan na ɗan lokaci ne. Wanda ke kashe ciyawa shi ne na kullum.

Maman_Walid:
Gaskiya Dakta ba shi da rama, cikinsa ma a cike yake. Kai, ashe mun tafa wa mara lafiya mun zagi mai lafiya.

Ummi_Zee:
Awa 20! Ashe maigidana zaki ne ban sani ba.

Sadauki88:
@Ummi_Zee za mu kai rahoto.

Mai_Kyamara:
Ni sana'ata ɗaukar hoto, na kuma yi asarar ranaku da yawa a gaban keji kafin in gane abu ɗaya: lokacin da mutane suka fi zuwa shi ne lokacin da dabbobi suka fi kwanciya. Ku je da zarar an buɗe ƙofa, ko awa ɗaya kafin a rufe. Wata safiya ina tsaye ni kaɗai zaki ya fara ruri. Ba irin na fim ba ne da ake hangame baki sama. Kansa ya sunkuyar, cikinsa na shiga yana fita kamar zuga-zugi, sautin na fitowa daga can ƙasa, ya yi dogo sau da yawa sannan ya koma gajeru, gajeru, har ya mutu. A ƙirjina na ji shi kafin kunne. An ce ana jiyo shi daga nisan kilomita 8, ni ban yi musu ba. Hoton ma ban ɗauka ba, hannuna rawa yake.

Gardi_Ba_Kura:
To na janye maganar yunwa a kan wannan zakin. Amma ban janye sauran ba. Kurkuku kurkuku ne ko an shafa masa fenti.

Malam_Nazari:
Tunda an zo nan bari in sa baki. Gidan zu ba abu ɗaya ba ne tun farko. Asalinsa na sarakuna ne, a tara namun daji don nuna isa. Wanda ya fi kowanne daɗewa yana aiki har yau shi ne na Biyana a Ostiriya, an kafa shi a 1752, na gidan sarauta ne. Na Landan an buɗe shi a 1828 don masu bincike, sai a 1847 aka bar jama'a suna shiga. Duk a lokacin keji ne na ƙarfe, dabba ɗaya a ɗaki ɗaya kamar kaya a kanti. Wanda ya sauya salon wani Bajamushe ne dillalin namun daji, Carl Hagenbeck. A 1907 ya buɗe nasa a Hambug, ya cire sandunan ƙarfe ya haƙa rami mai faɗi tsakanin dabba da mai kallo, aka gina duwatsu na siminti a baya. Kana tsaye sai ka ga kamar zaki da barewa fili ɗaya suke, alhali akwai ramin da idonka bai gani ba. Yawancin abin da muke gani yau jikokin wannan dabara ne.

Hauwa_K:
Malam, amma wannan gyaran don wa aka yi shi? Don idonmu ne ko don dabbar? In filin bai ƙaru ba, cire ƙarfe ka sa rami ai mu kawai ka sauƙaƙa wa kunya.

Malam_Nazari:
Tambayarki na kan hanya Malama Hauwa. Da farko kam don ido ne. Kuma tunda kin taɓo, shi Hagenbeck ɗin ba dabbobi kaɗai ya nuna ba, ya riƙa kwaso mutane daga wasu ƙasashe yana baje su a Turai ana biya ana kallo. A 1906 ma gidan zu na Bronx a Niyok ya sa wani mutum daga Kwango, Ota Benga, a sashen birai, jama'a na tururuwa. Limaman coci baƙaƙen fata ne suka tayar da ƙura har aka daina. A 1916 ya kashe kansa a Amurka, bai sake ganin gida ba. Sai a 2020 hukumar da ke kula da gidan ta fito ta nemi afuwa.

Ummi_Zee:
Innalillahi. Dariyar da na shigo da ita ta koma ciki.

Gardi_Ba_Kura:
Kun ji ko? Gidan da aka gina a kan wannan tubali shi ake ce mini makaranta ce.

Gwanki:
Yaya Gardi, ka faɗi ɗaya, bari in faɗi ɗaya. Ka san mariri? Farin nan mai dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa baya kamar takobi. A shekara ta 2000 aka ayyana cewa ya ƙare ƙaf a daji. Ya rage ne kawai a gidajen zu da garkunan da aka killace. Daga cikinsu aka haɗa garke a Abu Dabi, a 2016 aka fara sakin su a Chadi, suka hayayyafa a can, a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Ɗan'uwansa na Larabawa ma haka: an kashe na ƙarshe a daji a 1972, amma tun kafin nan an tara guda 9 a gidan zu na Finiks a Amurka, kuma a 1982 aka mayar da zuriyarsu Oman. Ga wata ƙatuwar ungulu ta Kalifoniya, a 1987 guda 27 suka rage a duniya, aka kame su duka aka raba wa gidajen zu na San Diyego da Los Anjalis. Yau sun haura 500. Da an bi ta taka an rufe, da sai dai a hoto.

Hauwa_K:
@Gwanki ka tsallake ƙarshen labarin Oman. Bayan an sake su mafarauta suka koma musu, gwamnati kuma ta yanke kashi 90 cikin 100 na gandun da aka sake su a ciki, har UNESCO ta cire wurin daga jerin kayan tarihin duniya a 2007, karon farko da aka taɓa yi wa wani wuri haka. Ka haifa a keji ka saka a dajin da babu tsaro, ai ɗiban ruwa ne da kwando. Kuma ga gwaggon birin tsaunuka na Ruwanda da Yuganda da Kwango: ba a kiwonsa a gidan zu, amma yawansa ya haura 1,000 a 2018 saboda an tsare dajinsa. Waɗanda ake gani a keji na ƙasa-ƙasa ne, wani iri daban.

Gwanki:
Ban musa ba Anti. Amma sai da aka sami abin sakewa kafin a yi maganar tsaro. Gwaggon birin ai bai kai ga ƙarewa ba, mariri ya kai.

Sadauki88:
To ita kurar Hajiya wane daji za a mayar da ita? Ita ba ƙarewa take yi ba. Ana fakewa da guzuma ana harbin karsana: a ceci iri biyar, a tsare iri ɗari don a sayar da tikiti.

Dakta_Dabbobi:
Sadauki ya taɓo inda ke ciwo, ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Akwai dabbobin da ke jure tsarewa, akwai waɗanda ba sa jurewa. Wani bincike da aka buga a 2003 ya nuna cewa masu cin naman da suka fi yawo mai nisa a daji su suka fi yin wannan kai-kawon a tsare, kuma 'ya'yansu sun fi mutuwa. Farin beyar na ƙanƙara na kan gaba. Giwa ma tana shan wuya. Dabba ce da ke wuni tana tafiya tana ci, cikin dangi mata, uwa da 'ya da jika. Ka tsayar da ita a kan siminti, ƙafa ta fara ruɓewa, gaɓoɓi su sanƙare, ka gan ta tsaye tana ta rangaji da kai hagu da dama, mutane na cewa rawa take. Binciken 2008 a kan giwaye mata na Afirka ya sami matsakaicin rayuwar na gidajen zu na Turai kusan shekara 17, na gandun Amboseli a Kenya kuwa 56. Masu gidajen zu sun ce alƙaluman sun haɗa da tsofaffin shekaru tun daga 1960 lokacin da kulawa ba ta kai ta yanzu ba, kuma da gaskiyarsu a nan, amma tazarar ta yi yawa. Shi ya sa Landan ta kwashe giwayenta daga cikin gari a 2001 ta kai su Wifsined inda akwai fili, Ditiroit kuma ta sallami nata gaba ɗaya a 2005.

Zaki kuwa akasin haka ne ta fuskar kwana: namiji a daji da wuya ya wuce 12, a tsare yakan kai 20. Ko tsawon kwana shi ne jin daɗi, wannan kuma ku yanke.

Baba_Tsoho:
Giwa a garin wani zomo ce, 'ya'yana. Ni dai abin da na sani, an ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Duk wanda ya rufe ƙofa a kan mai rai, ya ɗauki nauyin cinsa da shansa da lafiyarsa. In zai iya, to. In ba zai iya ba, kada ya fara.

Dan_Makaranta:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni tambayata daban ce. Macizan da ke cikin gilashi na gaske ne kuwa? Na taɓa tsayawa kan wata mesa na yi ta ƙwanƙwasa gilashin, ko motsi. Idonta a buɗe tar amma kamar roba.

Tsohon_Ma'aikaci:
Ɗana, kai ne irin waɗanda suka sa mana hawan jini. Na yi shekaru ina aiki a sashen masu jan ciki. Na gaske ne. Maciji ba shi da fatar ido, wani siririn ɓawo ne garai-garai ya rufe ƙwayar, don haka ko barci yake idonsa a buɗe za ka gani. Ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgiza ta jikinsa, wannan ƙwanƙwasar taka har cikin ƙashinsa. Ka lissafa mutum ɗari su yi masa haka a yini. Mesa kuma in ta haɗiye abinci takan yi kwanaki a naɗe tana narkarwa, ba kullum ake ba ta ba. In ka ga idon ya yi fari-fari kamar an zuba madara, saɓa za ta yi, a lokacin ba ta gani sosai, ta fi saurin kai sara.

Haka kada. Kullum sai an ce mana gunki muka ajiye, saboda ya hangame baki a rana ya ƙame. Zafi yake fitarwa. Na taɓa kama wani babban mutum da gemunsa yana jifan kada da dutse wai yana so ya tabbatar. Na ce Alhaji sa hannu mana, ya fi sauri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jefa wa birai abinci. Mun taɓa rasa wani ɗan biri, da aka buɗe cikinsa leda ce cunkus, irin wadda ake jefa musu da sauran abu a ciki. Kuma murar da kake ɗauka ba komai ba, in ta kama gwaggon biri tana iya kwantar da shi. Gilashin nan ba ku kaɗai yake karewa ba.

Maman_Walid:
Wayyo, ni ma na bar yara sun miƙa wa biri abin da ke hannunsu. Allah ya yafe mana. Wallahi hannunsa da ya zuro ta waya, da farce da zanen tafi, sai da gabana ya faɗi.

Sadauki88:
Ba a banza aka ce biri ya yi kama da mutum ba.

Hauwa_K:
Tunda tsohon ma'aikaci na nan, me za ka ce game da abin da ya faru a gidan zu na Kofanhegan a 2014? Lafiyayyen raƙumin dawa, Marius, ɗan kimanin shekara 2, suka harbe shi, suka feɗe shi a gaban jama'a har da yara, suka ba zakuna naman. Dalili wai irin jininsa ya yi yawa a shirin kiwo na Turai.

Tsohon_Ma'aikaci:
Hajiya, ba zan ce ya yi mini daɗi ba. Amma ki sani duk gidan da ke barin dabbobi su haihu yana da wannan matsalar, su dai sun yi nasu a fili ne. Wuri ƙayyadadde ne, maza sukan yi yawa, in aka bar dangi na kusa suna barbarar juna zuriya ta lalace. Ko ka hana haihuwa da magani, ko ka raba maza da mata, ko ka nemi mai karɓa, ko ka yanka. Kuma naman da zaki ke ci kullum, kilo 5 zuwa 7, shi ma ai da ransa aka same shi. Don saniya ce ba mai kuka.

Hauwa_K:
Saniyar ba a sa mata suna an ce yara su zo su so ta ba.

Gwanki:
Wannan kam ta ci ka, Baba.

Ummi_Zee:
Ni tun labarin yaron nan ɗan shekara 3 da ya faɗa wurin gwaggon biri a Sinsinati a 2016 nake riƙe hannun nawa kamar zan karya. Aka harbe gwaggon birin, Harambe, saboda allurar barci takan ɗau mintuna kafin ta yi aiki. Ramin Malam Nazari mai kyan gani ga inda ya kai mu.

Shugaban_Zaure:
Jama'a mun yi nisa. Hajiya kan zaki da kura ta yi tambaya. Dakta, akwai abin da ake yi wa kurar, ko shi ke nan?

Dakta_Dabbobi:
Akwai, ranka ya daɗe, kuma ba duka ne ke cin kuɗi ba. A daina ajiye mata nama a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. A binne shi, a rataye shi, a daskarar da ƙashi cikin ƙanƙara ta wuni tana fama. A kawo kashin jakin dawa ko ciyawar da barewa ta kwana a kai a watsa mata, hancinta ya sami aiki. A yi mata kududdufi, kura na son ruwa. A ba ta lungun da za ta ɓuya daga idon mutane, ko da masu kallo za su yi gunaguni. Sannan a duba wace iri ce. Mai dabbare-dabbare a cikin dangi take rayuwa, wani lokaci har 80, mata ne shugabanni kuma sun fi maza girma, yawancin abincinta ma ita ke farautarsa, ba mushe kawai ba kamar yadda ake ɗora mata. Ajiye irin wannan ita kaɗai zalunci ne. Sayaki mai zane-zane shi ya fi saba wa kaɗaici. Sai dai in ɗabi'ar ta daɗe, ko an gyara wurin ba lallai ta bari gaba ɗaya ba.

In kuna son auna gidan zu, kada ku ƙirga yawan dabbobi. Ku duba inuwa, ku duba ruwan sha, ku duba ko dabbar na da inda za ta guje muku.

Mai_Kyamara:
Na ƙara da ɗaya: in akwai ɗakin dabbobin dare ku shiga. Ana juya musu lokaci, a kunna fitila mai haske da dare su yi barci, da rana a bar ja mai duhu-duhu su fito. Ka tsaya minti 5 idonka ya saba, sai ka ga beguwa da jemage da ka ɗauka babu. Singafo ma tun 1994 ta buɗe wanda da dare kawai ake shiga.

Gardi_Ba_Kura:
A juya wa dabba dare da rana don mu ji daɗi, kuma a ce ci gaba ne. Ni dai ina nan inda nake.

Maman_Walid:
'Yan zaure na dawo da rahoto. Mun koma yau da sassafe kamar yadda Mai Kyamara ya ce. Zakin na tsaye! Bai yi ruri ba, amma ya yi hamma, Walid ya ga haƙora ya ɓuya a bayana. Daga nan ya tako har bakin waya, ya juya mana baya ya ɗaga jela. Wani ma'aikaci ya ce ku matsa, ku matsa. Mu mun matsa, wani bawan Allah mai farar riga da ke ɗaukar bidiyo bai ji ba. Sauran labarin ku ƙarasa da kanku.

Tsohon_Ma'aikaci:
Alamar iyaka ya sa masa, yanzu Alhajin na cikin kayansa. Warin kuma sai an yi wanki uku.

Sadauki88:
Kurar fa, Hajiya?

Maman_Walid:
Tana kan hanyarta. Mai dabbare-dabbare ce, Dakta, kuma ita kaɗai ce. Na yi wa ma'aikacin maganar binne nama da kududdufi, ya ce in rubuta in saka a akwatin ƙorafi da ke bakin ƙofa. Na nemi biro a jakata ban samu ba, sai wani zuwan.